Haddis na waje: wane kamfani ya fi ƙarko, kuma nawa ya kamata in biya?

Sadik_Hoto: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana harkar kwamfuta ku ba ni shawara. Ɗaukar hoto da bidiyon biki nake yi, ɗan shagona na wajen Zoo Road, to laftof ɗina ta cika maƙil sai na goge aikin wani sannan in zuba na wani. Haddis na waje nake so, wato ma'ajiyar fayil da ake jonawa ta USB, tera ɗaya (giga dubu). Jiya na zaga kasuwa na samu farashi kala uku har kaina ya ɗaure. Shago na farko WD Elements sabo a kwali dubu 85, na biyu ya ɗauko min Seagate shi ma a kwali da leda ya ce dubu 48, na uku kuma ya ce kar in wahalar da kaina zai ciro min na cikin laftof ɗan Beljiyam ya sa a kesin, duka dubu 30 da garantin sati biyu. Shin suna ne kawai ake saya ko da gaske wani ya fi wani ƙarko?

Ɗan_Gwale: Wa alaikumussalam. WD ka saya ka huta, ni tun da na fara kwamfuta shi nake riƙewa bai taɓa ba ni kunya ba.

Abba_Kurna: Ka guji Seagate, tun muna makaranta muke jin ana cewa shi ya fi saurin mutuwa. Shi ya sa ma ka ga ya fi araha

Injiniya_Fagge: Abba_Kurna, wannan maganar tana da asali amma an faɗaɗa ta ne. Akwai wani samfurin Seagate mai tera 3, lambarsa ST3000DM001, ya fito a 2011, shi ne ya ɓata musu suna har aka kai su kotu a Amurka a 2016. Wani kamfanin ajiyar bayanai a Amurka mai suna Backblaze, wanda yake da haddis sama da dubu 250 suna juyawa dare da rana, tun 2013 yake tara lissafin waɗanda suka mutu yana fitarwa kowa ya gani, kuma a nan aka ga wannan samfurin yana zubewa fiye da kima. Amma in ka duba lissafin nasu na shekarun bayan nan, gaba ɗaya abin da ke mutuwa a shekara galibi tsakanin kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, kuma bambancin da ake gani tsakanin samfuri da samfuri ne, kamfani ɗaya sai ka ga yana da mai kyau sosai yana da mai matsala. Ni gyara nake yi, akwai wata durowa a shagona cike da matattun haddis, wallahi babu kamfanin da ba shi da wakili a ciki.

Malam Sadik abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka wannan ratar ce ta 85 da 48. Sabon WD da sabon Seagate masu girma ɗaya farashinsu kusan ɗaya ne ko ina a duniya, in ma da bambanci ɗan kaɗan ne. Ratar dubu 37 ba ta kamfani ba ce, akwai abin da ke cikin kwalin nan.

Sadik_Hoto: Tab. Amma Injiniya a rufe yake fa da leda, har da wannan sitikar mai ƙyalli

Injiniya_Fagge: Leda da sitika da kwali duk ana sayar da su daban ɗan uwa. Kesin ɗin ma mai tambarin kamfani ana kawo shi fanko, a ɗauko tsohon haddis na laftof a zura a ciki a liƙe.

Oga_Beirut: Ni ɗan kasuwa ne bari in yi magana kafin a yi mana kuɗin goro. Ba kowa ne yake ɓoyewa ba. A wajena in ka zo zan ce maka ga orijina ga kuma haɗi, farashi daban, ka zaɓa. Matsalar ita ce mutum zai shigo ka faɗa masa kuɗin orijina ya ce wai ya ga na rabin haka a can, ka yi masa bayani ya ɗauka wayo za ka yi masa, ya tafi ya saya, bayan wata biyu ya dawo yana tambayarka ko ka san mai dawo da bayanai. Araha ba ta ado. Kuma mu kanmu wani lokaci a Legas ake haɗa mana, sai kwastoma ya dawo da kaya sannan mu gane.

Maman_Hanifa: Salam, nima bari in sako tawa tunda an taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ina da shagon taifin da fotokwafi a Kabuga, ɗaliban BUK ne yawancin masu zuwa. Na sayi tera ɗaya, a kwali an rubuta 1TB ɓaro-ɓaro amma da na jona sai na ga 931GB, kenan ni ma haɗin aka ba ni? Kusan giga 70 fa babu

Ummi_Kwamfuta: A'a Anti ba a cuce ki ba, kowane tera ɗaya haka yake nunawa. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, wato tera ɗaya bayit tiriliyan ɗaya cif, ita kuma Windows da 1024 take rabawa, shi ne yake saukowa 931. Mai 500 zai nuna miki 465, mai tera 2 kuma 1.81. In kin ga waɗannan lambobin daidai ne.

Maman_Hanifa: Alhamdulillah, ngd ƙanwata. Da har na shirya zuwa yi masa tijara gobe hhh

Baban_Ilham: Ni dai Transcend na fi yarda da shi, mai robar nan kore da toka, ko ya faɗi ba ya jin komai. Duk ku bar WD da Seagate ɗin nan

Injiniya_Fagge: Baban_Ilham in ka buɗe Transcend ɗin naka ɗaya daga cikin waɗanda ka ce a bari za ka tarar a ciki. Kamfani uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera haddis mai faifai, Seagate da Western Digital wato WD da Toshiba. Sauran duk an haɗiye su, Seagate ta saye Maxtor a 2006 ta kuma karɓi sashen haddis na Samsung a 2011, Toshiba ta karɓi na Fujitsu a 2009, WD ta saye na Hitachi wato HGST a 2012. Su Transcend da ADATA riga suke ɗinkawa su sayo na ciki a wajen waɗannan ukun. Robar tana da amfani ban musa ba, musamman in yana kashe ya faɗo daga tebur, amma in yana cikin aiki faifan yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya allura na shawagi a kansa ya faɗi, to roba ba lallai ta cece shi ba.

Wannan ma hanya ce ta kama haɗi. In wani ya nuna maka haddis mai faifai da tambarin Samsung ko Hitachi ya ce sabo ne fil daga kamfani, ka san ya daɗe a duniya.

Baban_Ilham: To ai ni nawa ya faɗi ya fi a ƙirga kuma yana nan garau

Ɗan_Gwale: Allah ya ƙara tsarewa, amma kar ka ci gaba da gwada shi dai 😂

Ɗan_Wapa: Ku maganar kamfani kuke, ni farashin ne yake ban mamaki. Duk abin nan dala ce, babu ko sukurun da ake ƙerawa a nan. Kafin Yunin 2023 dala a banki wajen naira 460 take, farkon 2024 ta haura 1,500, to wanda ya sayi nasa a da yana faɗa maka kuɗin da ya saya kar ka yi aiki da shi, wani zamani ne daban. Abin da nake yi kafin in shiga kasuwa, in duba kuɗin kayan a Amazon da dala in buga da canjin ranar, in ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar mai shago. In wanda ake nuna min a Kano ya fi na Amurka araha, ai ka ga akwai tambaya.

Dattijo_Yakasai: Yaran nan ba ku ga tsada ba. A 2011 da aka yi ambaliya a Tailan ruwa ya shiga masana'antun WD, kafin ka ce kwabo farashi ya kusan ninkawa a duniya baki ɗaya, lokacin muna haɗa kwamfutocin kafe, sai da muka koma neman tsofaffin 80GB muna lallaɓawa.

Ummi_Kwamfuta: Yaya Sadik ka daina kallon kuɗin gaba ɗaya, raba shi da giga. Dubu 85 a tera ɗaya naira 85 kenan duk giga. Ka tambayi mai shagon farko nawa ne tera 2, yawanci ba ya kai ninki biyu don kesin ɗaya ne waya ɗaya ce. Ga mai bidiyo kuma tera ɗaya ba ta daɗewa, biki ɗaya da kamu da ɗaurin aure da dina in kana ɗauka da 4K kai ka fi ni sanin abin da yake ci.

Sadik_Hoto: Na kira shi yanzu, ya ce tera 2 dubu 125

Ummi_Kwamfuta: Ka ga kenan naira 62 da ɗan wani abu duk giga. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba in aljihu zai iya

Nura_SSD: Wai har yanzu mutane na sayen mai faifai? Ku koma SSD, ma'ajiyar da aka yi da ƙwayoyin memori, ku huta, babu abin da yake juyawa a ciki, ba ya tsoron faɗuwa ko jijjigar Adaidaita, gudu kuma ba a magana. Mai faifai na laftof da ƙyar yake wuce mega 120 a sakan, SSD mai tsohon bakin jonawa na SATA yana kai 550, mai sabon tsari na NVMe kuwa dubbai ne. Na sa wa tsohuwar laftof ɗina Samsung 870 EVO ta koma kamar jiya aka sayo ta, garantinsa ma shekara 5 ne.

Injiniya_Fagge: Nura gaskiyarka a wajen gudu, duk wanda Windows ɗinsa ke kan mai faifai yau yana wahalar da kansa ne. Amma bawan Allah nan rumbu yake nema inda zai jibge tsofaffin ayyuka, kuma a kowace giga SSD ya fi tsada sosai. Sannan akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba. Mai faifai yakan yi gargaɗi kafin ya tafi, za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, kwafi yana tsayawa a kashi kaza ya ƙi gaba, fayil ya ƙi buɗewa. SSD sau da yawa lafiya lau za ku rabu da daddare, da safe kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Kuma in ka goge abu bisa kuskure a SSD akwai wani tsari da ake ce wa TRIM da yake share wajen gaba ɗaya, dawo da shi sai ikon Allah, a mai faifai kuwa in ba ka rubuta wani abu a kai ba ana iya samowa. Na biyu SSD caji yake riƙewa a cikin ƙwayoyinsa, in ka jefa shi a durowa shekaru babu wuta ga zafin garin nan, ba shi ne wajen ajiyar dogon zango ba.

In da hali, SSD a cikin laftof don editin, mai faifai a waje don ajiya.

Nura_SSD: Na yarda da rabi. Amma mutumin da kullum yana kan babur daga wannan ɗakin taro zuwa wancan da jaka a baya, ni dai ban ga mai faifai zai yi masa ƙarko ba

Hafsat_Tarauni: Dan Allah tunda ana maganar SSD, na gani a intanet wani 16TB ƙarami kamar kwalin ashana kuɗinsa bai kai dubu 20 ba, in yi oda?

Ummi_Kwamfuta: Kar ki soma!! Na bogi ne. In an fasa ɗan katin memori ake samu a ciki an manna shi da gam, an yi masa dabara yana gaya wa kwamfuta ƙarya. Za ki ga kina ta zuba kaya yana karɓa, sunayen fayil duk suna nan, ashe in ya cika sai ya koma yana rubutawa a kan na farko, ranar da kika zo buɗewa babu ko ɗaya. Akwai manhaja kyauta H2testw, tana cika shi taf sannan ta karanto ta faɗa miki ainihin girmansa

Hafsat_Tarauni: Innalillahi, har na sa shi a kwando. Allah ya saka

Admin: Jama'a a riƙa komawa kan tambayar Malam Sadik, kuma masu shago dan Allah ban da tallan lamba a nan, na goge guda biyu.

Injiniya_Fagge: To Malam Sadik ga abin da za ka yi, kuma duk mai sayen haddis a garin nan ya riƙe wannan. Ka tafi da laftof ɗinka shagon, ka sauke CrystalDiskInfo kyauta ce, ko Hard Disk Sentinel. Kowane haddis yana rubuta tarihin kansa a ciki, ana ce masa SMART. Ka jona a gaban mai shagon ka duba abu huɗu. Sunan samfurin da ya fito, ya dace da abin da ke kan kwali ko kuwa, in kwali ya ce Seagate manhaja ta nuna lambar da ta fara da WD ko HTS (na Hitachi) ai magana ta ƙare. Sai awannin da ya yi a kunne, sabo bai kamata ya wuce 'yan awanni ba, ka tuna shekara guda awa 8,760 ce. Sai layin da ke da lamba 05 da C5 da C6, su ne suke ƙirga gurbin da ya lalace a kan faifan, so ake a ga sifili. In manhajar ta nuna shuɗi ta ce lafiya to, in ta nuna ruwan ɗorawa ko kyauta aka ba ka kar ka zuba aikin mutane a kai. Na ƙarshe ka ɗauki siriyal lamba ka shiga shafin garanti na kamfanin, WD da Seagate duk suna da shi, ka buga ka ga me zai ce.

Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Oga_Beirut: Injiniya a nan zan ɗan ja da kai. In sabo ne a rufe ka fasa leda ka gwada sannan ka ce ka fasa saya, wa zan sayar wa a matsayin sabo? Sai dai mu yi sharaɗi, ka biya, mu buɗe tare, in an ga awanni ko ba shi ba ne a ciki in mayar maka da kuɗinka nan take. Wannan na yarda, ina yi ma.

Injiniya_Fagge: Wannan adalci ne Alhaji, a rubuta a rasit kawai har da siriyal lamba.

Abba_Kurna: Amma na ji ana iya goge awannin nan su koma sifili, gaskiya ne?

Injiniya_Fagge: Ana yi, kamar yadda ake mayar da mitar mota 'yar Kwatano baya. Ba ma a nan kaɗai ba, farkon 2025 wata kafar labaran fasaha ta Jamus, Heise, ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar wa mutane Seagate Exos a matsayin sababbi alhali sun yi dubban awanni suna aiki a wani waje, 'yan damfara sun goge SMART ɗin. Abin da ya tona asiri shi ne irin waɗannan manyan na Seagate suna da wani littafin tarihi na biyu da ake kira FARM wanda ba a goge ba. To mu ƙananan na laftof ba mu da wannan gatan, shi ya sa ake haɗawa da duba shekarar da aka ƙera a jikin sitika, da bakin sukurori ko an taɓa kwancewa, da siriyal. Haddis ɗin da aka ƙera a 2015 yana nuna awa 3, kai ma ka san da sake.

Dattijo_Yakasai: Ni fa ban ƙi ɗan Beljiyam ba in an faɗa min gaskiya. Akwai wanda na saya da awanninsa a bayyane, fina-finai da karatuttukan malamai na zuba, ko ya mutu gobe zan sake samo su a wajen masu turi. Abin da ba zan sa a kai ba shi ne abin da babu shi a ko ina sai wajena.

Maman_Hanifa: Wallahi Baba wannan magana taka. Bara wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta zo min da kuka, furojet ɗinta tun daga babi na ɗaya har na huɗu yana kan haddis ɗin laftof, aka ɗauke wuta aka kawo da ƙarfi tana caji, batirin dama ya mutu, shikenan kwamfuta ta ƙi tashi. Da aka kai wajen masu dawo da bayanai kuɗin da suka nema ya fi kuɗin laftof ɗin. Abin da ya cece ta babi uku da ta taɓa turo min ta WhatsApp in firinta mata. Tun daga ranar duk wanda ya zo sai na ce ya tura wa kansa ta imel, Google giga 15 suke bayarwa kyauta, ai ya ishi takardu

Sadik_Hoto: Hajiya giga 15 ko rabin kamu ba zai ɗauka ba a wajena, ga tsadar data tun da aka ƙara kashi 50 a 2025

Yaro_Mai_PS: Salam manya, ni PS4 gare ni a shagon gem a Ɗorayi, wanne zan sa mata?

Nura_SSD: Na laftof take ɗauka, inci 2.5 SATA wanda kaurinsa bai wuce 9.5mm ba. Ko ka jona na waje ta USB 3.0, daga 250GB zuwa 8TB tana karɓa.

Alhajin_Kwari: Ni ma tambaya, kyamarorin tsaro na shagona a Kantin Kwari wanda ya haɗa min ya ce lallai sai mai launin shunayya, na ce ko dai tsadar yake so

Injiniya_Fagge: Bai cuce ka ba Alhaji. WD da launi suke rarrabewa, Blue na aikin yau da kullum, Black na masu son gudu, Red na akwatin ajiya da ke kan netwok, Purple na kyamara don an yi shi ne ya yi ta rubutu awa 24 babu hutu. A Seagate BarraCuda ne na gama-gari, IronWolf takwaran Red, SkyHawk na kyamara. Garantin ma ya bambanta, Blue shekara 2, Black shekara 5. Sai dai gaskiya garantin kamfani a nan wahalar cin moriya gare shi, wani lokaci ka buga siriyal ya nuna maka na wani yankin duniya ne daban, ko kuɗin aika shi waje ya kusa kuɗin sabo. Kuma ko sun karɓa wani haddis ɗin za su ba ka, ba bidiyon amaryar mutane ba. Garantin da yake aiki a Kano shi ne mai shago ya san fuskarka kuma kana da rasit.

Ummi_Kwamfuta: Injiniya ba ka taɓo SMR ba, kuma ya shafi mai bidiyo

Injiniya_Fagge: Haka ne. A taƙaice akwai masu jera layukan rubutu wani a kan gefen wani don su cusa kaya da yawa a faifai ɗaya, shi ne SMR, na asalin kuma CMR. A 2020 an yi ta surutu da aka gano WD sun sa SMR a wasu Red ba su bayyana ba, daga baya suka fitar da Red Plus mai CMR, Seagate da Toshiba ma suka fitar da jerin nasu. Yawancin ƙananan na waje masu tera 1 da 2 na yanzu SMR ne. Ba lalacewa ba ce, amma in kana tura giga 200 a zama ɗaya za ka ga ya fara da gudu can ya koma rarrafe. Ka bar shi a jone ya gama shirya kansa, kar ka fizge waya. Don ajiya babu laifi, editin kai tsaye a kansa ne zai ba ka haushi.

Wani abu kuma, WD Elements ƙarami da My Passport da Toshiba Canvio galibi bakin USB ɗin a jikin allon haddis ɗin yake, in ya karye ba za ka ciro shi ka sa a wani kesin ba sai an yi walda. Na Seagate ƙanana yawanci SATA ne a ciki da ɗan allo daban. Ni a matsayina na mai gyara wannan ya fi min sauƙi, amma ba ƙarko nake nufi ba.

Ɗan_Gwale: Duk da haka WD dai 💪

Sadik_Hoto: Jama'a na dawo daga kasuwa. Na je wajen mai dubu 48 da laftof, da farko ya ce shi ba a buɗe masa kaya, na ce to sharaɗin Oga_Beirut, in biya mu buɗe tare. Ya yarda. Muna jonawa sunan da ya fito na wani kamfani ne daban ba na kan kwali ba, awanni dubu 26 da ɗoriya, ga ruwan ɗorawa a sama, C5 ɗin nan ba sifili ba ne. Shi kansa ya tsaya yana kallon allon ya kira yaronsa ya ce ɗauko wani, shi ma haka sai dai awanninsa ba su kai na farko ba. Ya mayar min da kuɗina babu rigima ya ce shi ma haka aka kawo masa katan guda. Na leƙa wajen mai dubu 30, nasa shuɗi ne lafiya, awa dubu 9 da wani abu, kuma shi dama bai ce min sabo ba ne. Yanzu tunanina ya rabu, in sayi tera 2 sabo guda ɗaya dubu 125, ko sabo tera 1 da ɗan Beljiyam ɗin nan dubu 115 in riƙa ajiye kowane aiki a duka biyun?

Abba_Kurna: Awa dubu 26 kusan shekara uku kenan a kunne ba a kashe ba, kai jama'a

Injiniya_Fagge: Biyun nan. Aikin mutane ne a hannunka, ɗaurin aure ba a maimaita shi. Ɗaya ya zauna a gida ɗaya a shago, kuma kar ka bar su a jone in ana wasa da wuta ko za a tada janareto.

Ummi_Kwamfuta: Ni kuma tera 2 zan ce, don in ya raba biyu tera ɗaya kawai yake da ita a zahiri, kafin babbar sallah ta cika ya dawo nan yana tambaya. Ya sayi babban yanzu, katin kyamara kar ya goge sai ya miƙa wa masu biki nasu a filash, in ya samu kuɗi wata mai zuwa ya ƙara na biyu

Oga_Beirut: Wata mai zuwa kuma wa ya san nawa dala za ta kai Hajiya

Nura_SSD: Ko ya sayi ɗan Beljiyam guda biyu dubu 60, ragowar ya sa SSD a laftof ɗin. Ni da haka zan yi

Dattijo_Yakasai: Tsoho biyu ba su zama sabo ɗaya ba Nura, in daga katan ɗaya suka fito shekarunsu ɗaya suna iya tafiya a wata ɗaya.

Nura_SSD: To ya saya a shago daban-daban mana Baba, kamfani daban

Alhajin_Kwari: Injiniya wannan manhajar ta duba awanni za ta yi aiki a kan na kyamarar nan tawa, ko sai an kwance shi daga akwatin? Don yanzu ni ma hankalina bai kwanta ba